Allon shago da buhun dabino: lacca a kan fayil ɗin heda a harshen C

An rubuto daga rikodin laccar da aka yi wa ɗalibai Hausawa masu karatun kwamfuta a Madina, bayan sallar isha'i.

Assalamu alaikum. 'Yan'uwa, na gode da kuka daure kuka zo, ga jarrabawa ta ƙarato. Na baya ku matso, fankar nan tana danne murya.

Babu wanda bai sha rubuta #include <stdio.h> ba a cikinku. In na tambaya me layin nan yake yi, sai ku ce yana kawo printf, wadda ke buga rubutu a fuskar kwamfuta. Ba ya kawo ta, sanarwarta kawai yake kawowa: sunanta, abin da take karɓa, da abin da take mayarwa. Gangar jikinta tana can cikin laburaren C, sai a ƙarshe linka, wato manhajar da ke haɗa sassan shiri wuri guda, ya ɗauko ya haɗa.

Duk kun san kasuwar dabino. Mai shago ya rataya allo, ajwa kilo kaza, safawi kilo kaza, amma buhun yana cikin sito. Ko allo goma ya rataya a lunguna goma babu laifi, muddin abu guda suke faɗa, buhun dai ɗaya ne. To fayil ɗin heda, mai ƙarewa da .h, shi ne allon. Fayil mai .c shi ne siton.

Me ya sa sai an rataya allo? Saboda kwamfaila, wato manhajar da ke fassara shirinku zuwa harshen na'ura, fayil ɗaya take dubawa a lokaci guda, ba ta san abin da ke cikin na kusa da shi ba. Dennis Ritchie ya gina C a Bell Labs wajen 1972, lokacin ƙwaƙwalwar na'ura ba ta taka kara ta karya ba. Shi kuwa #include ba wani siddabaru ba ne, kwafe heda yake yi gaba ɗayanta ya liƙa a inda ka rubuta shi. In kun koma ɗaki ku buga gcc -E a kan ɗan shirinku mai layi biyar, za ku ga ya zama layi ɗaruruwa.

Ga inda nake so ku buɗe kunne. Na taɓa yin aikin haɗin gwiwa da wani abokina, na rubuta int adadi; a cikin heda, wato na gina ma'ajiyar lamba mai suna adadi, fayil uku suka kira hedar. A na'urata lafiya lau. A tasa kuwa linka ya ƙi, ya ce an gina abu ɗaya sau uku. Har aka kira assalatu muna nema. Ashe buhu na saka a allo, kowane fayil ya samu nasa. Tsohuwar kwamfailar GCC tana kawar da kai ta haɗe su, amma daga GCC 10 ta 2020 an daina. Gyaran kalma ɗaya ne: extern int adadi; a heda, sannan int adadi; a fayil .c guda ɗaya tak.

Sai mai gadi, wato abin da ke hana heda shigowa sau biyu. Heda takan shigo sau biyu ta bayan gida, wannan heda ta kira ta, waccan ma ta kira ta, in akwai struct, wato tsarin da ke tara bayanai wuri guda, a ciki kwamfaila ta yi ƙorafin maimaici. Ku sa #ifndef da #define a sama, #endif a ƙasa. Akwai #pragma once, kwamfailolin GCC da Clang sun karɓe shi, amma ba ya cikin ƙa'idar C, shi ya sa ni na fi son tsohuwar hanya.

Abin da na ga kuna yawan mantawa shi ne fayil .c ya kira hedar kansa. Ta haka ne kwamfaila za ta kama ka in allo ya ce int, sito kuma ya ce long. Ranar Alhamis in Allah ya kai mu, kowa ya raba shirinsa gida uku ya zo da shi. Malam, na ga hannunka a sama tun ɗazu, bismillah.