Alƙalan Jamus da 'Yan Bangar Siyasa, 1919 zuwa 1942

Assalamu alaikum. Malamai, ɗalibai, da sauran jama'a, barkanmu da yamma.

Duk wanda aka tambaya me ya sa Jamusawa suka kashe Yahudawa miliyan 6, amsar da ke bakinsa ita ce talauci da ƙiyayya. Ban ce ƙarya ba ce. A watan Nuwamban 1923 dalar Amurka ɗaya ta kai mak (kuɗin Jamus) tiriliyan 4.2, kuma a 1932 marasa aikin yi sun kai miliyan 6. Sai dai Amurka da Ingila ma sun sha wannan matsi, ƙyamar Yahudawa kuma akwai ta a Faransa. To me ya bambanta Jamus? Ni a ganina, mu leƙa kotu.

Da aka gama Yaƙin Duniya na Ɗaya a 1918, dubban sojoji suka dawo gida da bindigoginsu, ba aiki, ga zafin shan kaye. Aka cusa musu cewa ba a fagen daga aka ci su ba, 'yan siyasa da Yahudawa ne suka ci amanarsu a gida. Sojojin nan suka kafa rundunonin sa-kai, gwamnatin farar hula kuwa ta ɗauko su haya don murƙushe 'yan kwaminis. Ranar 15 ga Janairun 1919 suka kashe shugabannin 'yan kwaminis Karl Liebknecht da Rosa Luxemburg a Berlin, suka jefa gawar matar a ruwa. A 1921 aka harbe ɗan siyasa Matthias Erzberger, laifinsa kawai shi ya sa hannu a takardar tsagaita wuta. Ranar 24 ga Yunin 1922, ministan harkokin waje Walther Rathenau yana hanyar ofis cikin buɗaɗɗiyar mota, wata mota ta jero da tasa, aka buɗe masa wuta, aka bi shi da gurneti. Da safe ne fa, a tsakiyar unguwa.

Akwai wani malamin lissafi, Emil Gumbel, da ya zauna ya ƙirga kashe-kashen siyasa daga 1919 zuwa 1922. Ku riƙe alƙaluman nan. Masu ra'ayin riƙau sun kashe mutum 354, 'yan gurguzu sun kashe 22. A kan mutum 22 ɗin nan an zartar wa mutum 10 hukuncin kisa. A cikin 354 kuwa, kisa 326 ba wanda ya ɗanɗana hukunci. Ƙasa ɗaya, doka ɗaya. Alƙalan tun zamanin sarki suke kan kujera, ba su taɓa son jamhuriyar da ta maye gurbinsa ba, saboda haka wanda ya yi kisa da sunan kishin ƙasa, a idonsu yaron kirki ne da zuciya ta ɗeba.

Shi kansa Hitila ya ci wannan gajiya. Ya yi yunƙurin juyin mulki a Munich a 1923, 'yan sanda huɗu suka mutu. Cin amanar ƙasa ke nan ƙarara. Alƙali Georg Neithardt ya bar shi ya mai da kotu dandalin siyasa, yana zuba jawabi sa'o'i. Aka yanke masa shekara biyar, bai cika wata tara bayan hukuncin ba aka sake shi. Doka ta ce baƙon da ya yi irin wannan a kore shi, shi kuwa ɗan Ostiriya ne, amma kotun ta ce mai tunani irin na Bajamushe ba a korarsa.

Yanzu ga labarin da na fi so ku tafi da shi gida. Wani ƙauye ne, Potempa, a yankin Silesiya. A daren 9 ga Agustan 1932, 'yan bangar jam'iyyar Nazi suka kutsa ɗakin wani lebura ɗan kwaminis, Konrad Pietrzuch, suka jawo shi daga shimfiɗa, suka yi ta tattaka shi a gaban mahaifiyarsa har ya mutu. Wannan karon kotu ta yi aikinta, ta yanke wa biyar hukuncin kisa. Sai Hitila ya aika musu da telegiram a fili, ya kira su abokan gwagwarmayarsa. Gwamnatin lokacin, ta Franz von Papen, ta tsorata, ta mai da hukuncin ɗaurin rai-da-rai. Hitila ya hau mulki a Janairun 1933, a watan Maris aka buɗe musu ƙofa. Kowane ɗan banga ya gane karatun: in kana da ɗaurin gindi, jini ba ya binka.

Daga nan abin ya tashi daga hannun 'yan daba ya koma hannun hukuma. A ƙarshen Yunin 1934 Hitila ya sa aka kashe aƙalla mutum 85, har da tsohon shugaban gwamnati Kurt von Schleicher da matarsa a cikin gidansu. Ranar 3 ga Yuli aka fito da doka mai sakin layi ɗaya, ta ce abin da aka yi halal ne. An yi kisa, sannan aka rubuta masa doka.

Wani zai ce ai daga baya tilasta wa mutane aka yi. Bari in kai ku Józefów a Poland, 13 ga Yulin 1942. Bataliya ta 101 ta 'yan sandan ko-ta-kwana, mutum kusan 500, yawancinsu magidanta ne daga Hamburg: leburorin tashar jirgin ruwa, direbobi, akawuna. Kwamandansu Manjo Wilhelm Trapp ya tara su da asuba, yana hawaye, ya gaya musu aikin ranar, ya ce dattijon da ya ga ba zai iya ba ya fito gefe. Kusan mutum 12 suka fito. Ba a harbe ko ɗaya daga cikinsu ba. Sauran suka shiga daji, kafin dare sun harbe Yahudawa kimanin 1,500, har da mata da yara. Da aka yi musu tambayoyi bayan shekara ashirin, wasu suka ce kunyar abokai ce ta hana su fita, kada a ce musu matsorata. Mutanen nan da wayonsu a shekarun Rathenau da Potempa, sun ga wanda ake ɗaurewa da wanda ake yi wa jinjina.

Na ga shugaban taro yana duba agogo. Malam, minti ɗaya. Za ku so ku ji ƙarshen mutum biyun nan. Gumbel mai ƙirga gawa, Jami'ar Heidelberg ta kore shi a 1932, a 1933 kuma sunansa na cikin jerin farko na waɗanda aka ƙwace wa takardar zama ɗan ƙasa. Neithardt kuwa, a shekarar 1933 ɗin aka yi masa ƙarin girma, ya zama shugaban babbar kotun Munich.

Mai tambaya ya ɗaga hannu.