'Yan ajinmu da suka riga mu gidan gaskiya

Assalamu alaikum. Shugaba, iyayenmu da yayyenmu, 'yan uwa mata, barkanmu da warhaka.

An ce in yi magana kan abokan karatunmu na sakandare a Kaduna da suka rasu, kuma wallahi maganar da nauyi. A ɗakin nan akwai 'yan Rimi College, akwai 'yan Sardauna Memorial, akwai na Gwamnati Kwalej ta Kurmin Mashi, ga matanmu 'yan Queen Amina, kuma duk wanda ya ɗauko hoton ajinsu na ƙarshe sai ya sa yatsa ya ce wannan babu shi, wannan ma babu shi. Wasu hawan jini ne ko ciwon suga, wasu haɗari a hanyar Zariya, wasu mata wajen haihuwa, wasu a hannun masu garkuwa a hanyar Abuja ko ta Birnin Gwari. Wasu kuma tun rikicin Fabrairun 2000 da na 2002, kun dai san yadda gari ya rabu bayan nan, kogin Kaduna ya zama iyaka, abokanmu Kiristoci da muka ci kwano ɗaya da su suka koma Sabon Tasha da Narayi, har akwai wanda sai bayan shekaru da binne shi labari ya iso mana. Su ma namu ne, in za a rubuta suna a rubuta da su.

To ga abin da ke damuna. A gida mutum ya cika da safe, kafin la'asar an yi masa sutura an sallace shi an kai shi maƙabartar Bashama Road, mu kuma nan Ingila muna wajen aiki waya na aljihu, sai an tashi ka buɗe WhatsApp ka tarar da Innalillahi sun cika guruf, kai ma ka rubuta Allah ya jiƙansa, shi ke nan fa an wuce wajen. Ban raina addu'a ba, ita ce gaba da komai. Amma kwana uku ake naɗe tabarmin zaman makoki, ita kuwa matarsa takaba za ta yi wata huɗu da kwana goma, tana ciki mai gida zai aiko a kan kuɗin haya, makaranta ta koro yara, ga rajistar WAEC da NECO na babban, ga bashin asibiti, alhali mun san hadisin da ya ce ran mumini na rataye da bashinsa har sai an biya masa. Wa ke sake bugo mata waya a lokacin?

Shawarata kowane aji ya fitar da mutum biyu, ɗaya a nan ɗaya a Kaduna, na gidan ya je da ƙafarsa ya gano yara nawa aka bari, aji nawa suke, akwai bashi ko babu. Fam ɗaya tuni ya haura naira 1,000, fam 10 a wata ba zai karya kowa a cikinmu ba. Kuɗin makaranta a tura asusun makarantar kai tsaye a turo rasit, kuma don Allah kar a sa hoton marayu a guruf, iyayensu masu mutunci ne.

Takarda na zagayawa, kowa ya rubuta makarantarsa da shekarar da ya gama da waɗanda ya san sun rasu. Malam, bisimilla, a yi musu addu'a.