Amsoshin Tambayoyinku: Wa ke da ta cewa a addinin Kirista?

Jama'a barkanmu da warhaka. Wasiƙu sun cika tebur, lokaci kuma ƙanƙane, don haka ba dogon gaishe-gaishe. Tare da ni akwai malaminmu na tarihin addinai. Malam, sannu da zuwa.

Malam: Yauwa, sannu dai.

Wani bawan Allah daga Maraɗi yana son sanin yaushe aka fara buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. A 1932 ne. Mun sallame ka.

Sai tambayar da ta zo daga Kafancan, daga Kumasi, har daga Garwa, kusan kalma ɗaya: shin Paparoma ne shugaban duk Kiristocin duniya? In ba shi ba, wa ke yanke hukunci idan an saɓa?

Malam: To, sai mun koma shekarar 451, taron shugabannin coci a garin Kalsidon, inda Kibɗawa, wato Kiristocin Masar, suka ƙi amincewa da matsayar da aka cimma kan yanayin Yesu Almasihu, cocin Habasha ma ta bi bayansu. Sannan a 1054 cocin Roma, wato Katolika, da cocin Kustantiniya (Istanbul ta yau), wato Otodoks, suka raba gari, har da gardama kan irin burodin da ake amfani da shi wajen ibada, mai yisti ko marar yisti...

Malam, ka kai mu Kustantiniya, mu kuwa a Kafancan muka baro mai tambaya!

Malam: Ai hanyar ce ke da nisa. Amsar ita ce a'a. Paparoma shugaban 'yan Katolika ne. Su a wurinsu, Littafi Mai Tsarki da koyarwar da aka gada da shugabancin coci suna tafiya tare, kuma a 1870 aka tabbatar da cewa ba ya kuskure idan ya yanke hukunci a hukumance kan aƙida. Ba kullum ake amfani da wannan iko ba. Sanannen misali shi ne na 1950, kan ɗauke Maryamu zuwa sama. 'Yan Otodoks kuwa majalisar bishop-bishop ce ke da ta cewa. Su kuma Furotesta, tun da Martin Luther ya fitar da batutuwansa 95 a Jamus a 1517, sun tsaya a kan cewa Littafi Mai Tsarki ne alƙali na ƙarshe.

Bari in maimaita don wanda ya fita ɗebo ruwa. Katolika, Paparoma. Otodoks, majalisar bishop-bishop. Furotesta, Littafi. Amma Malam, littafi ai ba ya buɗe baki ya yi magana, mutum ne ke fassara shi.

Malam: Nan gizo ke saƙar. Shi ya sa coci-cocin Furotesta na Najeriya irin su ECWA da COCIN da EYN kowacce ke da nata shugabanci. Ƙungiyar Kiristocin Najeriya, wato CAN, da aka kafa a 1976 inuwa ce ta haɗin kai, ba ta yanke wa kowa aƙida. Ko cocin Angilika ta Najeriya ta yi hannun riga da ta Ingila kan batun auren jinsi.

Wani ɗalibi daga Zariya ya ce an faɗa masa coci ta kashe Galileo, masanin taurari ɗan Italiya, don ya ce duniya ke zagaya rana. Haba ɗana, a riƙa buɗe littafi mana! An yi masa shari'a a 1633, aka tsare shi a gida har ya mutu a 1642. An zalunce shi, a ganina, kuma Paparoma John Paul na Biyu ya amsa kuskuren a 1992. An dai makara.

Malam: Ka kuma san wanda ya kawo tunanin cewa sararin samaniya na faɗaɗa a 1927, Georges Lemaître, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam.

Ba shi aka tambaya ba, amma mun karɓa.

Ta ƙarshe daga wata hajiya a Kano: me coci ke cewa game da Musulmi? A 1965 cocin Katolika ta fitar da takarda mai cewa tana girmama Musulmi, masu bauta wa Allah ɗaya. A 2019 Paparoma Francis da Shehin Azhar, Ahmad al-Tayyib, suka sa hannu kan takardar 'yan'uwantaka a Abu Dabi. Sai dai Hajiya, wannan matsayar Katolika ce, faston unguwarku yana iya zuwa da tasa.

Ga injiniya can yana nuna mini agogo. Mai tambaya daga Damagaram, taka sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.