Babban ɗa a zaman makoki: lacca kan matasan Koriya a Amurka

Assalamu alaikum. Na gode da kuka samu zuwa.

Tun 1903 Koriyawa suka fara sauka a tsibiran Hawai na Amurka don aikin gonakin rake, amma sai bayan dokar shige da fice ta 1965 suka kwararo Amurka sosai. Da yawansu masu digiri ne, rashin Turanci ya sa suka ƙare a kantin unguwa ko shagon wanki da guga, suna aiki daga asuba har dare.

To ku ɗauki ɗan irin wannan gida, mai shekara 16. Shi ne tafintan iyayensa a asibiti da banki tun yana firamare. A makaranta ana tambayarsa daga ina ya zo, alhali nan aka haife shi. A gida kuma kakarsa na yi masa faɗa don bai iya gaida manya ba.

Sai uban ya rasu. A al'adar Koriya babban ɗa namiji ke jagorantar makoki, kwana 3. Zai sa baƙar kwat, ya tsaya gefen hoton mamacin, ya rusuna wa duk mai ta'aziyya. Duk shekara kuma akwai tunawa da mamacin, wadda gidajen Kirista da dama suka mayar taron addu'a. Harshen Koriya yana da matakan girmamawa, shi kuwa yaron Koriyancin cikin gida kawai ya iya, na "ka ci abinci?". Dattawa na yabon mahaifinsa, rabin maganar na wuce shi. Wallahi wannan ne ya fi taɓa ni: ana ba shi labarin ubansa, ba ya ganewa, kuma kunya ta hana shi tambaya. Ana ce masa ya daure don shi ne namijin gida yanzu, babu mai tambayar ko yana samun barci.

Wasu ma mahaifinsu na raye suka rasa shi. A tarzomar da ta ɓarke a birnin Los Anjelas ranar 29 ga Afrilu 1992, an ƙona ko an wawashe shagunan Koriyawa sama da 2,000. Iyaye maza da yawa sun yi gum daga ranar, 'ya'yansu suka tashi ba wanda ya zauna ya yi musu bayani.

Yau a birnin akwai cibiyoyin ba da shawara ga masu damuwa da ke aiki da Koriyanci da Turanci. Wahalar ita ce shawo kan uwa ta kai ɗanta, domin tana tsoron abin da mutanen coci za su ce.