Aiki Sai da Mai Shi

Assalamu alaikum masu sauraro. Sharhinmu na yau daga Legas kan yadda muke tafiyar da ayyuka ne a ma'aikatu, kamfanoni da ƙungiyoyinmu.

Duk wanda ya taɓa zuwa kasuwar Mile 12 da asuba ya ga yadda ake sauke tumatir. Mota ta taso daga Kano, ta kwana tana tafiya. Dillali ya san adadin kwanduna, shugaban 'yan dako ya san yaran da za su hau mota da waɗanda za su tara a ƙasa, mai kaya kuma yana can Arewa, waya a kunne. In aka makara rana ta buɗe, tumatir ya fara ruwa, an san wuyan wanda asarar za ta hau. Babu takarda, babu kwamfuta, amma kowa ya san nasa.

To, ku shiga taron kwamitin ginin wata Islamiyya, ko na wani ofis mai na'urar sanyaya ɗaki. A yi awa biyu ana magana, a tashi da "za a duba", "za a nemo magini", "za a tara kuɗi". Wa zai duba? Ranar yaushe? Nawa ne kuɗin, a hannun wa? Ba a rubuta ba. Bayan wata shida siminti ya yi tsada, ƙarfen da aka saya ya yi tsatsa a ruwan damina, kowa na nuna ɗan uwansa da yatsa. Wannan yana ci mini rai, domin kuɗin da ake ɓarnatarwa na masu faci ne da masu sayar da shayi, waɗanda suka ba da shi saboda Allah.

Manyan ayyuka ma ba su tsira ba. Layin dogo na Blue Line an fara shi tun zamanin Gwamna Fashola, amma sai a Satumbar 2023 jirgi ya fara ɗaukar fasinja tsakanin Marina da Mile 2, tafiyar kilomita 13. Mutanen Agege kuwa ba sai an ba su labarin shekarun da suka yi cikin ƙura da cunkoso kafin a buɗe gadar Pen Cinema a 2021 ba.

Amma abin da ya fi damuna shi ne tsoron faɗa wa oga gaskiya. Yaro ya ga aiki ya karkace, ya yi shiru don kada a ce ya yi rashin kunya. A ranar 1 ga Nuwamba 2021, bene mai hawa 21 ya rufta a titin Gerrard da ke Ikoyi, mutane sama da 40 suka rasu. Daga baya ta bayyana cewa injiniyoyin da ke ba da shawara sun janye hannunsu daga aikin tun 2020. An yi magana, ba a ji ba.

Saboda haka, shugabanni, tun ran gini tun ran zane. Kada a tashi taro sai kowane aiki an rubuta sunan mai shi, da ranar gamawa, da kuɗinsa. A zauna duk mako, ko minti goma sha biyar ne, a fara da tambayar abin da ya tsaya. Sabon ma'aikaci a haɗa shi da gwani ya koya, kamar yadda ake yi a garejin kanikawa. Kuma ranar da ƙaramin ma'aikaci ya ce "Ranka ya daɗe, wannan ginshiƙin bai yi ba", a tsayar da aiki a je a duba tare da shi.