Sharhi: Kuɗin ciyarwa haƙƙin yaro ne

Jama'a masu sauraro, akwai wata magana da na gaji da jin ta. Namiji da mace sun haihu ba tare da aure ba, kowa ya kama gabansa, sai ka ji uban yana cewa, "Ni fa ban tabbata nawa ba ne." Da an matsa masa sai ya sauya baki: "In ba za ta ba ni ɗana ba, ko sisin kwabo ba zan bayar ba." Haba malam! A wane dalili jariri zai kwana da yunwa saboda rigimar manya?

Mu fara da shakkar. Tun 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Leicester a Ingila ya gano hanyar bambance mutane ta ƙwayoyin halitta. Kowane yaro rabin nasa daga uwa ya gado, rabi daga uba. Yau auduga kawai za a goga a cikin kumatu, bayan 'yan kwanaki sakamako ya fito. Idan ba kai ba ne, gwajin zai wanke ka tas. Idan kai ne, tabbacin yakan haura kashi 99 cikin 100. Mai shakka ta gaskiya shi ke fara neman gwaji. Wanda ke ta zillewa kuwa, ya san abin da yake gudu.

Kuɗin ciyarwa haƙƙin yaro ne. Yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1989, a sashe na 18, ta ɗora tarbiyyar yaro a wuyan iyaye biyun. Sashe na 7 ya ce a yi masa rajista da zarar an haife shi, ya kuma san iyayensa gwargwadon hali. Ita kuwa ta Afirka, ta 1990, ta faɗa ɓaro-ɓaro cewa ba za a hana yaro ciyarwa don iyayensa ba su yi aure ba.

Wasu za su ce wannan ɗaure wa ɓarna gindi ne. Ina! Yaron bai zaɓi yadda zai zo duniya ba. Hana shi magani da makaranta ba ya gyara tarbiyyar kowa.

Ke ma uwa, maganar ta shafe ki. Na san ciwon rainon yaro ke kaɗai, ga tsangwama, ga gori. Amma hana uba ganin ɗansa don kuɗi sun makara, shi ma tauye yaron ne. Sashe na 9 na yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba shi damar hulɗa da iyayensa biyu, sai fa idan hakan zai cutar da shi. Inda akwai duka ko barazana, nan kam alƙali ne zai duba, ban ce a miƙa yaro ido rufe ba.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne alkawarin fatar baki. "Zan riƙa turowa." Nawa? Yaushe? Wata uku, shiru. A zauna a rubuta: wa zai riƙe yaro, ranakun ziyara, nawa ne a wata, wa zai biya asibiti idan zazzaɓi ya tashi da tsakar dare. A kai takardar kotu ta tabbatar da ita, yadda ranar da uba ya yi aure ko uwa ta ƙaura, akwai abin da za a buɗe a karanta wa wanda ya saɓa.