Aikin da Ba a Gani a Gidan Aure

Jama'a masu sauraro, barkanmu da warhaka.

Idan aka ware miji da mata, aka tambayi kowannensu a keɓe kashi nawa cikin ɗari na hidimar gida ke wuyansa, sannan aka haɗa amsoshin biyu, sau da yawa lissafin yakan zarce ɗari. Masu bincike biyu a Kanada, Michael Ross da Fiore Sicoly, sun nuna haka tun 1979. Ba ƙarya ma'auratan suke yi ba. Kowa dai ya fi tuna daren da shi ya tashi ya rarrashi yaro, daren da ya sha barcinsa wani ya tashi kuwa bai ma san an yi shi ba. Shi ya sa Jessie Bernard, masaniyar zamantakewa 'yar Amurka, ta ce a 1972 kowane aure aure biyu ne, akwai na miji akwai na mata, kuma ba lallai su yi kama da juna ba.

Wani ɓangare na wannan hidima yana aunuwa da agogo. Rahoton Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa a faɗin duniya mata na shafe awa 4 da minti 25 a kullum kan aikin gida da kula da iyali wanda ba a biya, maza kuma awa 1 da minti 23. To amma ɓangaren da ya fi cin rai agogo ba ya kama shi, domin a ka ake yin sa.

Wata mai binciken zamantakewa, Allison Daminger, ta yi hira da ma'aurata 35 a Amurka, ta wallafa sakamakon a 2019, inda ta kasa wannan aikin tunani gida huɗu: hango buƙata tun kafin ta taso, neman hanyoyin biyan ta, yanke shawara, da bin diddigi har a ga an yi. Mu ɗauki allurar rigakafin jariri. Akwai wanda ya tuna cewa ranar ta matso, ya lalubo katin a inda aka ajiye shi, ya binciko ranar da asibiti ke yi da lokacin da layi bai yi tsawo ba. Sai a zauna a ce to, a je ranar Talata. Bayan an dawo, akwai wanda zai riƙa taɓa goshin yaron cikin dare ko zazzaɓi ya taso, ya kuma riƙe ranar allura ta gaba a ransa. Abin da Daminger ta gano shi ne, wajen yanke shawara ma'aurata sukan yi kusan kunnen doki, amma hangowa da bin diddigi sun fi faɗawa kan mata. Ka ga miji yana da hujjar cewa da shi ake komai, tunda ba a yanke magana sai da shi. Ita ma matar tana da hujjar cewa ita kaɗai ke ɗauke da gidan a ka.

Haihuwar fari ita ce mararrabar. Wani bincike na Jami'ar Jihar Ohio da aka wallafa a 2015 ya bi ma'aurata 182 waɗanda dukansu biyu ke aikin albashi. Kafin haihuwa nauyinsu kusan ɗaya ne. Bayan haihuwa, kundin da suka riƙa rubuta ayyukansu a ciki ya nuna aikin matan ya ƙaru da fiye da awa 2 a rana, na mazan da minti 40. Ba wanda ya zauna ya tsara haka. Uwa ce ke tare da jariri a makonnin farko, ita ta fara gane kukan yunwa da na ciwon ciki, sai kowace tambaya ta koma wurinta, wanda ya fi iyawa kuma shi ake ta bar wa, har abin ya zama jiki.

A nan ne kyakkyawar niyya ke yin tuntuɓe. Miji zai ce, "Ki dai faɗa min abin da zan yi." Da zuciya ɗaya ya faɗa, amma ya karɓi aikin hannu ne ya bar mata hangowa da tunatarwa, waɗanda su ne masu gajiyarwa. A ɗaya gefen, akwai matar da idan miji ya shirya yaro sai ta kwance ta sake, ko ta tsaya a kansa tana gyara. Sau biyu sau uku, ya janye hannunsa, ita kuma ta ce ai dama ba ya so.

Gyaran yana farawa da takarda. Kowannensu ya yi mako guda yana rubuta abin da ya yi duk rabin awa, har da abin da ya tuna ko ya bibiya, domin ƙiyasin baki ne ke kai lissafi sama da ɗari. Abin da ke hana miji barci, kamar kuɗin haya da ke tafe ko bashin da yake juyawa shi kaɗai, shi ma ya shiga takardar, don shi ma aiki ne da ba a gani. Daga nan sai a raba fanni sukutum, ba guntu-guntu ba. Wanda ya karɓi harkar makarantar yara ya karɓe ta tun daga sanin ranar komawa har duba ko littattafai sun cika, ba sai an tuna masa ba. A yi yarjejeniya tun farko kan iya abin da za a kira an yi, ɗayan kuma ya kama bakinsa ko da ba haka zai yi ba. Ba dole a raba biyu cif ba. Gidaje sun bambanta, kuma abin da ya fi tasiri a zaman aure shi ne kowa ya ji a ransa an yi masa adalci.

Lokacin da za a yi maganar ma abin lura ne. Masu binciken zaman aure John Gottman da Sybil Carrère sun ruwaito a 1999 cewa yadda sababbin ma'aurata suka buɗe zancen saɓani a mintuna uku na farko ya nuna waɗanda za su rabu cikin shekara shida. Saboda haka kada a tayar da batun lokacin da yaro ke tsala ihu kowa ya gaji. A ware minti 20 zuwa 30 a mako, a fara da abin da ya faru da abin da ake buƙata, ba da "kullum kai" ko "ke ba ki taɓa" ba. Idan rai ya ɓaci har zuciya na dukan uku-uku, a dakata aƙalla minti 20, a kuma faɗi lokacin da za a dawo kan maganar. Rabon da aka yi kuwa a sake duba shi duk lokacin da aka sami ƙaruwa, ko wani ya canza aiki, ko wani dattijo mai buƙatar jinya ya dawo gidan.